Hoto Uku Babu Suna a Baya

Duk wanda ya san layin masu gyaran agogo ya san shagon Mai Hoto. Shi kaɗai ne ƙofarsa ke da fentin rawaya da baƙi, kuma shi kaɗai ne za ka shiga neman hoton fasfo na minti biyar ka fito bayan awa guda da tarihin ƙwallon da ba ka tambaya ba. Shago ne ɗan ƙarami: kanta a gaba, kujerar ƙarfe ɗaya, shuɗin labule da ya koɗe a gefe, sai ɗan ɗakin baya inda yake wankin hoto a zamanin fim. Bangon dama kuwa, daga sama har ƙasa, samari ne cikin jesi, wasu a tsaye sun harɗe hannu, wasu a tsugune sun dafa ƙwallo, kowa ya sha mur kamar ba shi ne zai fashe da dariya da zarar an sauke kyamara ba. Hoton ƙarshe a bangon ya shekara goma sha huɗu. Daga shi babu wani, sai ƙusa guda da ba a rataya mata komai ba.

Ƙungiyar tana da suna mai tsawo a takarda, amma tun da aka kafa ta babu wanda ya wahalar da bakinsa da shi. Namu ake cewa. Yau Namu na da wasa, jiya an cuci Namu. A rukuni na uku take, wato na can ƙasa, inda daga shi sai wasan yara a lungu. Filinta yana bayan tsohon kamfanin sabulu, kuma a karkace yake. In ka ajiye ƙwallo a tsakiya ka juya baya, sai ka tarar ta kama hanyar magudanar ruwa da kanta. Baƙi su yi ta ƙorafi, 'yan gida kuwa sun haddace gangaren kamar tsakar gidansu. Turakun raga bututun ruwa ne, layin fili da toka ake ja, 'yan kallo kuma a kan rusasshiyar katangar kamfani suke zama suna lilo da ƙafa.

Abin alfaharin Namu ɗaya ne: ba ta ɗauko ɗan wasa daga waje. Duk wanda ya sa rawaya da baƙi, to an san uwarsa, an san gidan da ya fasa wa gilashin taga yana yaro. Mai Hoto zai nuna maka su ɗaya bayan ɗaya da ƙarshen biro. Ga Gwangwani, golan da surutunsa ya fi kamunsa. Ga Ɗan Hagu, wanda ƙafarsa ta dama ta hawa mota ce kawai. Ga Buhu, ɗan baya, wanda in ya faɗo maka sai an kira mutane sun ɗaga shi. Shi kansa Mai Hoto sau ɗaya ya taɓa buga wa Namu, tun yana saurayi, ranar da mutum goma kacal suka zo. Ya ci ƙwallo mai kyau da ka, a ragar gida. Daga ranar aka roƙe shi don Allah ya riƙe kyamara.

Ya riƙe kuwa, shekara ashirin da biyu. A wancan rukunin kowane ɗan wasa yana da kati daga hukumar ƙwallo, sunansa a rubuce, hotonsa a maƙale da fil. Kafin a take wasa jami'in hukuma zai jera su, ya dubi kati ya dubi fuska. Da yake canja hoto a kan kati tsohuwar dabara ce, jami'ai sukan ɗaga hoton su duba bayansa. To a nan Mai Hoto ya yi suna. Hoto ba ya fita daga shagonsa sai ya buga masa hatimin shago a baya, ya rubuta cikakken sunan mai shi da kwanan wata. Har ta kai jami'ai sun san shuɗin labulen nan da hatimin. In suka ɗaga hoto suka gan shi, ba sa ƙara duban fuskar yaro sau biyu.

"Ko ni da ka ɗauke ni hoto sai da ka rubuta sunana a baya," in ji matarsa, "kamar za ka manta wadda ka aura."

"Ba ki san yadda nake shan aiki ba ne," shi kuma ya ce. A ransa daɗi yake ji, domin bai mallaki abin da ya fi wannan hatimin ba.

Mai horar da Namu, wanda kowa ke kira Koci, abokinsa ne tun firamare. Benci ɗaya suka zauna, bulala ɗaya suka sha a kan gudu daga aji zuwa fili. Duk yamma in an tashi atisaye Koci zai zo ya zube a kujerar ƙarfen nan, su yi ta musu a kan wa ya kamata ya buga tsakiya har masu gyaran agogo su rufe shaguna. Mai Hoto ba shi da ɗan'uwa namiji, sai ya ɗauki Koci ya sa a wurin.

Sai kuma Allura, ɗan yayarsa. Siririn yaro ne, ka ce iska za ta ɗauke shi, amma in ya saki ƙwallo sai ta ratsa tsakanin mutum uku ta faɗa a ƙafar ɗan gaba, shi ya sa sunan ya bi shi. Uban yaron ya rasu ya bar teburin gyaran rediyo, Yaya kuma ta ƙudura cewa nan ɗanta zai zauna. Mai Hoto ya yi ta sintiri gidanta har ta gaji da ba shi ruwa.

"Ƙwallo ba sana'a ba ce," ta ce.

"Yaya, ki bar min shi. Shekara uku kacal. In bai zama wani abu ba, ni da kaina zan kai shi teburin."

"Kai me ka zama da ƙwallon?"

"Ni ai a ragar gida na ci. Shi a ta mutane yake ci."

Ta yi dariya ba don tana so ba. "Na bar maka shi. Amma ka sani, a wuyanka yake."

A shekara ta uku, Allura yana da goma sha tara, Namu ta yi abin da ba ta taɓa yi ba: ta gama a saman shiyyarta. Saura wasa ɗaya tak, na hawa rukuni na biyu, kuma a wani gari za a yi shi, inda babu wanda ya san fuskar kowa. Wani mutum daga babbar ƙungiya ya zo sau biyu ya tsaya a kan katanga yana kallon Allura, ya ce bayan wasan nan za a kira shi gwaji. Mai Hoto ya daina tafiya a ƙasa. Ko mai gyaran agogo ka tambaya ƙarfe nawa, kafin ya amsa Mai Hoto ya leƙo ya faɗa maka saura kwana nawa.

Ana saura kwana huɗu Koci ya shigo shago da wasu mutum uku da ba a taɓa gani a unguwar ba. Ɗaya daga ciki ƙato ne mai wuya kamar turmi, da tabo a gira, ya aske gemu ƙwal amma fuskar ta ƙi komawa ta yaro.

"Fasfo za ka yi musu," in ji Koci. "Na gwaji ne, na baɗi."

"Tun yaushe Namu ke gwada baƙi?"

"Kai dai sarkin ƙorafi ne. Rukuni na biyu za mu shiga, ba wasan lungu ba. Gwaji ne kawai, in ba su yi ba su kama gabansu."

Mai Hoto ya zaunar da su gaban shuɗin labule ɗaya bayan ɗaya. Da ya nemi sunayensu, Koci ya ce zai kawo a rubuce. Washegari da hantsi, hotunan sun bushe ke nan, ya buga musu hatimi yana jiran sunaye, sai ga Koci a kan babur, ko kashe inji bai yi ba.

"Miƙo, miƙo, Ciyaman ɗin ƙungiya na jira."

"Ban rubuta suna ba."

"Sakatare zai rubuta a ofis."

"Ka san hoto ba ya fita a nan babu suna."

"Haba! Ni ne fa. Shekara arba'in muna tare, sai yau za ka ce in kawo shaida?"

Mai Hoto ya ɗan yi shakka, wannan bai taɓa musu ba. Amma kunya ta kama shi, ga abokinsa a rana, ga mutanen layi suna kallo. Ya zuba hotunan uku a ambulan ya miƙa. Shekara ashirin da biyu bai taɓa yi ba, sai ranar.

Ranar wasa bas biyu aka cika da magoya baya, da ganga da usur, masu gyaran agogo har sun rufe shaguna. Filin na garin mutane yana da ciyawa ta gaske da wurin zama na siminti, abin har ya ba su tsoro. Mai Hoto ya sami wuri kusa da shinge ya gyara kyamara. Mai lasifika ya fara karanta sunaye. Da ya zo lamba takwas ya kira sunan Allura na yanka, har da na ubansa, Mai Hoto ya ƙwalla ihu ya ɗaga kyamara wajen ƙofar fitowa. Abin da ya gani a cikin gilashin shi ne ƙaton nan mai tabo a gira, jesin Allura ta matse shi kamar za ta yage.

Ya sauke kyamara ya goge ido ya sake dubawa. Shi ne dai. Sauran baƙin biyu ma suna cikin layi. Ya juya ya bi wurin zama da kallo, can sama a kusurwa ya hango Allura da abokan wasansa biyu cikin kayan gida, sun jeru kamar waɗanda aka kora daga aji. Ya haura yana haki.

"Me kake yi a nan?"

"Koci ya ce wasan yau ba na jikina ba ne, Kawu. Ya ce mutanen nan karya ƙafa suke yi."

"To waye wancan da sunanka?"

Yaron ya sunkuyar da kai. A lokacin ne Mai Hoto ya gane amfanin hoto uku masu hatimi babu suna: an rubuta musu sunayen 'yan gida a baya, an maƙala a katunansu. Jami'in hukuma ya ɗaga hoto, ya ga hatimin da ya sani, ya wuce. Ba wani abu Koci ya zo nema a shagonsa ba illa gaskiyarsa, kuma ya samu a ambulan.

Ya kamata a ce ya tashi ya bar filin, ko ya je ya sami jami'in. Bai yi ko ɗaya ba. Ya koma bakin shinge. Ga kuma abin da har yau bai yafe wa kansa ba: ana saura minti ashirin a tashi Namu ta ci, shi kuma ya yi tsalle. Ya rungume wanda ke kusa da shi, ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Shekara ashirin da biyu yana jiran ƙwallon nan, jikinsa bai tsaya neman shawararsa ba.

Saura minti biyu Ƙato ya yi wa ɗan wasan mutane wata muguwar keta daga baya. Alƙalin wasa ya zaro jan kati. Ƙato ya tako a hankali, ya dube shi, ya sheƙa masa marin da aka ji har wurin zama. Yatsan Mai Hoto ya danna kyamara da kansa. Aka yi ta turereniya, 'yan sanda suka shigo, aka lallaɓa aka ƙarasa wasan. Namu ta hau rukuni na biyu. Kafin a gama murna Ƙato ya tuɓe jesi ya fice ta ƙofar baya, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Alƙalin wasa kuwa ya zauna da kumburarren kunci ya kwafi sunan da ke kan katin lamba takwas.

Bayan sati biyu takarda ta zo daga hukuma. An dakatar da Allura daga buga ƙwallo shekara biyar. Mutumin babbar ƙungiya bai sake kira ba.

Mai Hoto ya wanke hoton marin ya tafi fili. Ya tarar da Koci shi kaɗai yana gyara raga.

"Ka ga wannan? Zan kai wa hukuma."

Koci ya duba ya mayar masa. "Ka kai. Su ƙwace hawan da muka yi, su kori Namu daga gasa gaba ɗaya. Sai ka zo ka yi wa mutanen unguwa bayani."

"Yaron fa? Shekara biyar!"

"Ciyaman ya san mutane. Wata shida za a sassauta."

"Ka yi min ƙarya a shagona, a kan kujerata."

"Na kawo muku rukuni na biyu," in ji Koci, ko ɗagowa bai yi ba. "Na gan ka kana tsalle."

Gaskiya Koci ya faɗa, Mai Hoto kuma ya sani. Ya koma shago ya sa hoton a durowa. Kwana tara yana buɗewa yana rufewa. Yana son yaron, yana son Namu, kuma ya tsani kansa da har yake awo a tsakaninsu. A rana ta goma Yaya ta shigo. Ya jawo mata kujera ta ƙi zama.

"Ba faɗa na zo yi ba," ta ce. "Na zo in ga wuyan da na rataya wa ɗana."

Ta dube shi sosai, ta gyara mayafi ta fita. Kafin azahar ya kai ƙara ofishin hukuma.

Aka sa ranar zama. Wani ɗaki ne a bene, fanka na ƙara, mutum uku a bayan tebur. Koci da Ciyaman a gefe ɗaya, Allura a tsaye jikin bango. Katin lamba takwas yana kan tebur, kuma hoton Allura ya koma wurinsa lafiya lau, kamar bai taɓa motsawa ba. Alƙalin wasan bai zo ba, daga nesa yake, rahotonsa kawai aka karanta. Mai Hoto ya ajiye nasa hoton. Ta bayan mutumin aka ɗauka, fuska ba ta fito ba, amma ga lamba takwas, ga hannu a sama, ga kafaɗu kamar ƙofar shago.

"Ranku ya daɗe, ku dubi kafaɗun nan, ku dubi yaron nan. Ko buhu biyu aka cusa masa a riga ba zai kai haka ba."

Ɗaya daga cikin mutanen ya yi murmushi. Shugaban zaman ya juya wajen Allura. "Kai yaro, magana ɗaya ce. Kai ka buga wasan nan ko ba kai ba?"

Mai Hoto ya juya yana gyaɗa masa kai, yana cewa a ransa faɗi, ɗana, faɗi. Allura ya ƙura wa ƙasa ido.

"Ni na buga, ranka ya daɗe. Ni na mare shi."

Fanka ta ci gaba da ƙara. Shugaban zaman, wanda dama ba ya son a sake buɗe gasar da aka riga aka rufe, ya tura wa Mai Hoto hotonsa da yatsa ɗaya. "Malam, hoto daga nesa yakan ƙara wa mutum jiki. Yaro ya amsa da bakinsa. Ka kiyayi ɓata wa hukuma lokaci."

Kafin ya iso gida labari ya riga shi. Mutumin da ya so a ƙwace wa Namu hawanta. Waɗanda ya ɗauki hoton aurensu suka daina amsa gaisuwarsa. Wata safiya ya tarar an watsa wa ƙofar shago baƙin mai. Ya kankare ya sake fenti da rawaya da baƙin, domin shi ba Namu ya tsana ba. Amma bai sake taka filin nan ba. Namu ta yi kaka ɗaya a rukuni na biyu ta sha kashi ta dawo inda ta fito. Wata shidan Ciyaman bai taɓa zuwa ba. Allura ya zauna teburin rediyo na ɗan lokaci, sannan ya bi manyan motoci ya zama direba, ya bar garin.

Abin Koci ya yi wa Mai Hoto ciwo, amma na Allura ne ya hana shi cin abinci. Ya yanke a ransa cewa sayen yaron aka yi, da alkawari ko da wani abu, ya zaɓi Koci ya bar kawunsa a tsaye kamar mahaukaci a gaban mutane. In sun haɗu a gidan Yaya, Allura ya durƙusa ya gaishe shi, shi kuma ya amsa da "lafiya" ɗaya ya kau da kai. Ko ranar da Yaya ta rasu, shekara huɗu da suka wuce, haka suka zauna tabarma ɗaya babu mai duban wani. Matarsa ta yi magana har ta gaji. Mai Hoto mutum ne mai riƙo, kuma ya san da haka.

A watan jiya ne, da safe, yana goge kanta, sai ga inuwa a ƙofa. Allura ne, ya yi jiki, ya ajiye ɗan tumbi, sunan ya daina dacewa da shi. Ya dawo unguwar da iyalinsa. Yana riƙe da hannun ɗansa, siririn yaro ɗan shekara goma.

"Kawu, ina kwana. Fasfo za a yi masa, guda biyu. Na katin ƙwallo."

"Masu ɗauka da waya sun ƙare a garin ne?"

"Hannunka nake so."

Mai Hoto ya zaunar da yaron gaban shuɗin labule, ya ce ɗaga kai, kalle ni, ya danna. Allura ya ce wa ɗan ya je waje ya kalli agogo. Injin buga hoto ya fara ƙugi. Sai tambayar da ta shekara goma sha huɗu a maƙogwaron tsohon ta fito da kanta.

"Me suka ba ka?"

"Ba su ba ni komai ba, Kawu."

"To me ya sa ka tozarta ni?"

Allura ya zauna a kujerar ƙarfen, yana murza hular da ke hannunsa. "Ana gobe zaman, Koci ya same ni a teburin rediyo. Ya fito da hoton mutumin nan ya juya min bayansa. Hatiminka, da sunana a ƙasa. Ya ce in na musa, zai ajiye shi a gaban hukuma ya ce kai ka haɗa katin, kai ka kawo mutanen, shi bai san komai ba. Ya ce Ciyaman da sakatare za su ba da shaida. Ya ce jabun takardar hukuma ɗauri ne, kuma shagon nan rufe shi za a yi."

Mai Hoto ya dafa kanta.

"Na duba na ga ni shekara biyar ce, kai kuwa gidan yari. Na ce ni yaro ne, zan iya jira." Ya yi 'yar dariya marar daɗi, ya shafa gwiwarsa. "Ashe ƙafa ba ta jira."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Da na faɗa maka, da ka je ka miƙa kanka a ranar. Na san ka."

"Yaya ta sani?"

"Na faɗa mata a asibiti. Ta ce na kyauta, kai ƙaninta ne. Ta ce in faɗa maka. Sai yau na iya."

Injin ya tofo hotuna biyu. Mai Hoto ya ɗauki almakashi ya yanke gefensu. Ashe sau biyu Koci ya ci da hatimin nan, sau ɗaya a gaban jami'i, sau ɗaya a wuyan yaron. Shi kuma ya kwashe shekara goma sha huɗu yana kau da kai daga mutum ɗaya tilo da bai ci amanarsa ba. Ya so ya ce yafe min, bai iya ba. Sai ya tambayi abin da zai iya.

"Wace ƙungiya ce?"

"Namu, ta ƙanana." Allura ya gyara zama. "Koci ke kula da su yanzu. Ya tsufa."

"Kuma ka kai masa ɗanka?"

"Fili ɗaya ne a unguwar, Kawu. Yaron kuma ya iya. Wallahi ya fi ni."

Mai Hoto ya jawo hatimi kamar yadda ya saba, ya dube shi, ya mayar durowa ya rufe. Ya ɗauki biro mai baƙin tawada. Bai juya hoton ba. A gaba ya rubuta, a kan ƙirjin yaron, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, cikakken suna da manyan baƙaƙe, ya danna har sai da rubutun ya fito ta baya. Ya yi wa na biyun haka.

"Kawu, ba za su karɓa haka ba."

"In ba su karɓa ba, ka ce wa Koci ya zo da kansa ya faɗa min dalili," in ji Mai Hoto, ya zuba hotunan a ambulan. "Ya san shagon. Kira min yaron in ga ƙafarsa."